Mai-Nawa

Sallau, yau Asabar.
Mun hau Naraguta ba kai,
mun jera gwangwanayen madara a bakin tsohon ramin kuza,
guda bakwai, yadda ka saba,
na ƙarshen a karkace,
don ka ce wanda ya miƙe ko makaho ya kayar da shi.

Dachung ya zo da tsire, ba wanda ya taɓa.
Iliya ya kawo shayi ya manta kofuna.
Muka tsaya muna hura tafin hannu,
kowa na jiran wani ya fara.

Kai kake farawa.
Ka jingina gindin bindiga a ƙafarka,
ka auna albarushi a ɗan ƙahon ragon nan
da ya girme ni,
ka tura tsumma, ka danna, ka sake dannawa,
kana ba mu labarin da muka ji sau ɗari
na gadar da ta tsaya ta dube ka a Shere
har kunya ta hana ka harbi.

Kunnenka na dama ya mutu tun muna samari.
In an yi maka maganar bashi, shi kake juyowa.
In an ce ga fura,
na hagu ya ji tun daga Farin Gada.

Babban yatsanka da ɗigon baƙi a ƙarƙashin fata,
toka ta shiga ta ƙi fita.
Ranar wanka na riƙe hannun,
na cuɗa, na cuɗa,
sai liman ya ce bar shi, Mamuda, nasa ne.

Ka raɗa wa bindigarka suna Mai-Nawa.
In damina ta sauka a Jos, sanyi ya shiga cikinta,
a ja kunama, ta yi ƙyas, ta yi shiru.
Ka ce kada ka leƙa bakinta,
kada ka sauke ta daga kafaɗa,
riƙe ta ka ƙirga,
wutar tana tafe, ba ta son a tura ta ne.

Ban yi kuka a asibiti ba.
Ban yi a maƙabarta ba,
ni na miƙa itace, ni na kwaɓa ƙasa.
Kwana uku ina karɓar gaisuwa a ƙofarku a Gangare
ina cewa sai haƙuri, kamar mai sayar da shi.
Har Lantana ta aiko a tambaya ko lafiyata.

Yau Nafi'u ya biyo mu.
Ya rungumo ta a buhun taki,
ya ce Baba ya ce kai za ka koya mini.
Na auna, hannuna bai yi rawa ba.
Na ɗura, na danna, na ɗora masa a kafaɗa.
Ya ja.
Ƙyas.
Shiru.

Yaron ya fara sauke ta,
na ji bakina ya ce riƙe ta ka ƙirga,
da muryarka, Sallau,
har da tarin da kake yi a tsakiya.

Ɗaya. Biyu. Uku.

Ta tashi.
Duwatsu suka karɓa suka miƙa wa juna,
farin hayaƙi ya kwanta a kan koren ruwa,
warin nan na ruɓaɓɓen ƙwai da kake kira turare
ya cika mini hanci,
sai ga ni a durƙushe a cikin ciyawa,
wata huɗu bayan an ja tawa kunamar.

Dachung ya juya baya yana gyara hula.
Ba gwangwanin da ya faɗi.
Nafi'u na ta dariya yana murza kunne.

Allah ya haskaka makwancinka.
Har yanzu ina riƙe da awo biyu na albarushinka
da na ranta da sallar bara.
Zan biya yaron.
Ka juyo da na hagu, ina magana.