Mai Riƙe da Eriya

Asabar, ƙarfe huɗu da rabi, Agege.
Jirgin ƙasa ya wuce, kwanon rufi ya daina rawa,
ƙanshin burodi na shigowa ta tagar baya,
mu kuma mun jeru a tabarmar Iya Risikatu,
mai gidan hayarmu, mai talabijin ɗaya tilo a layin,
wadda ke lulluɓe shi da leshi kamar jinjiri.
Sharaɗinta biyu ne: a wanke ƙafa, kar a taɓa gilashi.

Sai kiɗan ya tashi.
Wani kumbo mai siffar dutsen guga
ya tsaga baƙin sama gida biyu.

"Ba zanen hannu ba ne," in ji Wasiu, "kwamfuta ce ta haife su."
Muka yarda.
Fuskokinsu na sheƙi kamar sabuwar butar roba,
gashinsu ba ya motsi ko ana guguwa,
in suna tafiya ka ce ƙasa ba ta san da su ba.
Turancinsu ya fi ƙarfin 'yan aji uku,
sai muka raɗa musu suna, ba rago ba goro:
Kyaftin Haɓa, Uwar Wayoyi,
da ɗan mutum-mutumin nan mai ido ɗaya, Gwangwani,
wanda Nkem ta rantse shi za ta aura.

Amma hoto ba ya zama sai da mutum a sama.
Eriyarmu a kan gora take, iska na wasa da ita.
Yayana Ɗanliti ke hawa.
"Ya yi?"
"Bai yi ba!"
"Yanzu fa?"
"Koma hagu! Tsaya! Kar ka motsa!"
Sai ya tsaya, rabin awa cur, hannu biyu a gora,
jiragen Ikeja na ratsawa ta kansa,
mu muna bayan wata, shi yana kan kwano mai zafi.
Da dare, a katifa ɗaya, ni ke biyan bashi:
in ba shi labari, in ƙara gishiri,
inda Turanci ya kuɓuce mini in cike da nawa.

Ranar ƙarshe, ƙofar maƙiya ta fara buɗewa,
Gwangwani ya ɗaga hannu,
NEPA ta ɗauke wuta.
Layin duka ya ɗauki ihu. Nkem ta fashe da kuka.
Ɗanliti na can bai saki gora ba
har Iya ta fito tsakar gida ta ce ya sauko.
Daren nan na yi masa ƙarya mafi tsawo a rayuwata.

Shekara ashirin da shida ke nan.
Jiya a cunkoson Oshodi, cikin danfo,
gwiwata a bayan wani, gwiwar wani a bayana,
na tsinto shi a waya, tun daga farko.
Na kai gida na nuna wa 'yata Nusaiba.
Ta ce, "Baba, ba su gama haɗa su ba ne?"
Gaskiyarta.
Yatsunsu kamar rogo, bakinsu na riga magana,
sararin da ya hana ni barci
baƙin allo ne da ɗigon alli.
Amma da kiɗan ya tashi
sai da na duba ƙafata, ko na wanke.

Na tura wa Ɗanliti.
Yana Apapa, kwana tara a layin tirela.
Can tsakar dare saƙon murya ya shigo,
janareta na ruri a bayansa:
"Ashe haka suke? Haba, Sagiru. Naka ya fi.
Ina raƙumin ƙarfen? Ina kogin da ke gudu sama?"
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Na zo daidai ƙofar nan na kashe.
Ai ka gaya mini ƙarshen tun tuni."

Ni ma ban kalla ba.
Ƙofar na nan a rabi,
cajina saura kashi huɗu,
kuma yau ma babu wuta a layinmu.