Buhun Ƙasa

Shekara talatin da ɗaya ina lodi a Gujungu,
tun riɗi na zuwa a mangalar jaki
har ya zama sai tirela ke kwasarsa zuwa bakin teku.
Kafaɗata ce sikelina.
In na ɗaga buhu na san wanda aka cika da gaskiya,
na san wanda aka tsarma wa yashi.

Bana Alhaji Barau ya sake sito.
Ya zuba siminti, ya kawo katakai masu ƙafa,
faleti ake ce musu,
ya kuma kawo Hansatu, 'yar Tanimu mai faci,
wadda na sha saya wa alewa da kuɗin dako.
Ta dawo daga karatu da allon gilashi a hannu.

Ta ce, Baba Ilu, manhaja ce.
A gaya mata tsawon buhu da faɗinsa da nauyinsa,
ita za ta ce ga yadda za a jera.
Na ce, to ta sauko ta kama mana.
Yara suka kwashe da dariya. Ita ba ta yi ba.

Ta juyo min da allon.
Sai ga buhuna na haske suna sauka ɗai-ɗai,
ba gumi, ba nishi,
uku a miƙe, biyu a gicciye,
sahu na biyu ya juya ya danne gaɓar na fari.
Na yi shiru.
Ai wannan ɗaurin marigayi Jibo Dogo ne,
wanda ya koya min da ranƙwashi a ƙeya
tun gemuna bai tsiro ba.
Wa ya kai wa na'ura labarin Jibo?

Ranar zoɓo muka saɓa.
Allo ya ce sahu takwas, duk ɗaya.
Na ce goman can sun kwana a waje, sun sha raɓa.
In suka hau sama,
kafin a kai Ringim lodin ya karkace kamar hular saurayi.
Ta ce allo bai san raɓa ba.
Na ce ramin hanya ma bai sani ba.
Ta sa aka ɗora ɗaya a sikeli,
ta dube ni, ta gyara lamba.
Buhunan haske suka tashi suka sake wuri
ko tsaki babu.
Ni da aka ce in sauke in sake,
da an ji bakina har tasha.

Ba wannan ya hana ni barci ba.

Akwai wani ɗan gurbi a gefen allon.
Na ce, nan fa, me ake rubutawa?
Ta ce, nauyin da buhun ƙasa zai iya jurewa
kafin ya fashe.
In an zarce, sai ya yi ja, ya ƙi.

Ya ƙi, wai.

Shekara talatin da ɗaya
ba wanda ya buɗe min irin wannan gurbi.
Ana cewa ƙaro, ina cewa ɗoro.
Ban taɓa yin ja ba.
Gadon bayana ne dai ke ƙara da asuba
kamar ƙyauren langa-langa,
Dije na shafa min man zafi
tana mita ƙasa-ƙasa.

Washegari na hangi Ɗanliti,
yaron da ya fara bana,
ya duƙa a aza masa na biyu a kan na fari
don a ce masa namiji.
Na ce, sauke ɗaya.
Ya ce, Baba, wallahi zan iya.
Na ce, na sani. Sauke.

Hansatu ta ɗago kai daga allon,
ba ta rubuta komai ba.
A waje direba na ta danna ham,
saura faleti huɗu, ga la'asar ta kawo jiki.