Awon Lemo

Ran Talata, ƙarfe biyu, ɗakin bayan coci a Fraserburgh,
buta na tafasa tun ba a tuɓe rigunan ruwa ba.
Mata goma sha ɗaya, ni ne cikon sha biyu,
ni Dod Strachan, mai shekara arba'in a kan teku,
yau ga ni a kujerar roba da ulu a cinya.

Ba da niyyar zama na zo ba.
Ishbel ce ta tafi a watan Janairu,
ta bar kwando a gefen murhu:
allura biyu soke a dunƙulen zare ruwan ƙwai,
da rabin hula da ba ta cika tafina ba.
Na kawo musu kwandon in juya,
Morag ta tare ƙofa da sandarta:
"Mai ɗinke koma cikin duhu jirgi na rawa,
hular jariri za ta gagare shi? Zauna."
Wa ya isa ya yi musu da Morag?

Yatsuna sun san igiya mai cin fata,
da ƙullin da ba ya kwancewa ko teku ta haukace.
Wannan zare kuwa, ka ja shi ya yi fushi,
ka sake shi ya zube.
Sau bakwai Effie na warware mini aiki:
"Ba kifi za ka kama ba, dattijo, sassauta."

A tsakiyar tebur akwai lemo guda.
Ba a shan sa. Shi ne awo.
Duk hular da ta zauna masa daidai,
ta bakwaini ce, da ke kwance cikin kwalba
a asibitin Aberdeen.
Ranar da na fara ɗaukar lemon nan a hannu
sai da na fita waje, wai duba iska.
Mu ma mun taɓa samun mai kai kamar wannan.
Kwana uku ya yi mana.
Shekara hamsin ina kallon Ishbel na saƙa,
na ɗauka maganin zaman banza ne.
Ban tambaya ba. Ita ma ba ta ce ba.

Can ƙarshen tebur Rhona da ƙanwarta
na haɗa bargo da ƙyallaye:
tsohon labule, rigar ɗan makaranta,
aljihun wandon wani da ƙasa ta rufe,
suna gardamar kore da shuɗi kamar rabon gado.
Na gidan tsofaffi ne.
"Ƙila ni zan rufa da shi baɗi," in ji Rhona,
"a bar mini shuɗina."

Ba ma sa suna a jikin kaya.
Ƙarshen wata nas ke zuwa da kwali,
ta ƙirga, ta sha shayi a tsaye, ta wuce.
Ba mu san kan wa ba,
su ma ba su san hannun wa ba.

Hular Ishbel na ƙarasa ta kafin Ista.
Makaho ma zai laluba inda ta tsaya na ɗora:
nata sumul, kamar ruwan tashar jirgi da asuba,
nawa gargada, wani ido ƙato, wani tsuke.
Effie ta miƙo hannu za ta warware,
Morag ta ce, "Bar ta."
Aka sa wa lemo. Ta zauna,
ta ɗan karkace hagu
yadda nake kafa tawa.

Yanzu ina kan ta tara.
Zaren ya ƙare, na sayo wani a kanti,
bai kai nata haske ba, haka nan.
Da dare in iskar arewa na dukan taga
na daina ƙirga jiragen da ba su dawo ba.
Ido nake ƙirgawa, arba'in da takwas, in juya,
in na ɓata lissafi in sake daga fari,
lemona na kan tebur, kai babu hula,
yana jira in gama.