Hanya a Juye

Shekara talatin ina sassaƙa hanya
ban taɓa taka ta ba.
Daga gadar Edo har Kyoto, zango hamsin da uku,
duk sun wuce ta ƙarƙashin wuƙata
a kan allon katako, a juye:
dama ta koma hagu,
teku ya kwanta inda tudu ya kamata ya tsaya.

Mai zane ya ajiye takarda, ya tafi shan giyarsa.
Ni ake bari da mutanen.

Ga attajirin nan mai tumbi kamar randa,
'yan dako huɗu sun ɗauko shi a kogin Oi,
na gaba ya taka santsi.
Kwana uku na yi a kan bakinsa,
don ihu ba ya fitowa daga itace sai da lallashi.

Ga Otatsu mai masauki da ƙanwarta,
ɗaya ta cafki wuyan rigar baƙo,
ɗaya ta rungume ƙunshinsa,
suna ja masa maraba
har idonsa ya firfito kamar na kwaɗo.

Ga wanda gyangyaɗi ya sace a kan doki.
Dokin ya tsaya cin ciyawa.
Shi bai tsaya ba.

Amma nawa na kaina shi ne mai malafa.
Iska ta fizge ta, ya bi ta hannu biyu a sama,
zanensa ya kwance, ƙwaurinsa kamar tsinken cin shinkafa.
Na sassaƙa shi sau tara, allo na cinyewa ina sakewa.
An sayar da shi a kuɗin kwanon taliya,
an manna shi a bangon gidan wanka,
an naɗe kifi da shi.
Edo kaf ta yi masa dariya, har da ni,
ina hure ɓarɓashi daga fuskarsa.

Da ido ya fara yi mini rowa
'yata Osayo ta saƙa takalmin ciyawa ƙafa shida.
Ta ce, Baba, je ka ga abin da ka daɗe kana yanka.

Na fita da asuba.
Na nemi dutsen Fuji ta hagu, ya ɓullo ta dama
ko sallama babu.
Ruwan sama da na sani layi ne siriri,
bakin wuƙa ɗaya, a miƙe.
Ba wanda ya gaya mini yana shiga ƙeya.
Ƙuma kuwa, a zango na huɗu,
ban taɓa ganin an zana ta ba,
ga shi ita ce mai masaukin.

Kwana na tara, a kan gaɓar wata fadama,
iska ta taso daga cikin kara.
Na ji igiyar haɓata ta tsinke.

Na bi ta.
Wallahi hannu biyu a sama.
Zanena ya kwance, na ji sanyi inda bai kamata ba,
sai ga ni a taɓo, malafa na can tana birgima
kamar an aike ta Kyoto.

Wani yaro zaune a gindin itace,
alƙalamin gashi a hannu, takarda a cinya,
dariya ta hana shi jan layi.

Na ce, kai, matso kusa.
Duba gwiwar nan da kyau kafin in tashi.
Ciki take lanƙwashewa, ba waje ba.
Shekara talatin Matashichi yana yi wa mutumin nan ƙarya.

Ya zana. Na zauna a taɓon na jira
har ya gama da bakina.