Ɗigo Ɗaya a Kan Hanta

Kwalbar ba ta kai ƙaramin yatsana ba,
amma ta haɗiye albashina na wata uku.
Daga Ankara ta taso cikin akwatin ƙanƙara,
yaron mota yana tambaya ko kifi ne.

An ce a jinin zomo aka raine ta,
zomon da bai taɓa jin sunan Kumasi ba.
Ƙofa ɗaya tak aka koya mata,
wata 'yar ƙofa a bangon ƙwayar hanta,
inda jini ke sauke tsofaffin kayansa.
Ba ta sallama a gidan kowa.
In ta ga ƙofar, ta riƙe.
In babu, ruwa ya wanke ta, ta tafi ba sawu.

Ni ce mai yanka.
Ina daskarar da tsoka cikin kaki,
in murɗa hannun inji,
yanki ya fito, ya fi fatar albasa siranta,
in shimfiɗa shi a ruwan ɗumi
kamar mai lallaɓa jariri,
in kwashe da gilashi.
Lamba ce a jikinsa, ba suna:
ɗari biyu da sha bakwai.

Babana ma mai yanka ne.
Shekara talatin Tanimu yana fawa a Mayanka,
babban yatsa kawai yake dannawa a hanta
ya ce, "Wannan saniya ta sha wuya."
Ya san hantar kowace dabba,
tasa ce kaɗai ta ɓoye masa.
Da cikinsa ya kumbura, idonsa ya koma ruwan ɗorawa,
sai aka ce a Aboabo sammu ne.
Muka yi ta jiƙo, muka yi ta turare.
Da muka kai shi asibiti
likita bai daɗe da danna cikin ba ya kawar da kai.

Jiya da magariba na ɗiga.
Ɗigo ɗaya, na riƙe numfashi,
na rufe, na kai firji ya kwana.
Ƙarfe biyun dare aka ɗauke wuta.
Ina kwance ina jin fanka tana mutuwa a hankali,
na kira Opoku mai gadi har sau huɗu.
"Lantana, kwanta, janareta ya tashi."
Ban kwanta ba.
Na zauna ina lissafin sanyi
kamar mai lissafin bashi.

Da asuba na hau torotoro,
kokon da na saya ya huce a leda.
Na wanke, na ƙara ɗigo na biyu,
mai bin sawun na farko ya tona inda ya maƙale.
Na wanke. Na jira.
Wannan aiki rabinsa jira ne,
ragowar rabin kuma wanki.

Dakta Oforiwaa ta tsaya a bayana
tana kaɗa biro a haƙori.
Na sa ido a madubin.
Da fari shuɗi, shuɗi ko'ina,
sai na juya dunƙulen kaɗan:

ga shi.
Launin goro da aka tauna,
ya zagaye kowace ƙwaya, siriri,
gida bayan gida, ƙofa bayan ƙofa,
kamar Asawase daga sama lokacin da wuta ta dawo.

Na matsa gefe, inda ciwon ya yi sansani.
Nan launin ya dusashe.
Gidaje sun cunkushe, ba tsari,
ƙofofi sun toshe, ba mai amsa sallama.

"Ɗauki hoto," in ji ta. Na ɗauka.
Ta ce saura yanka tamanin
kafin mu iya buɗe baki mu ce wani abu.

Ban san mai wannan hantar ba,
ko yana raye, ko 'yarsa tana jiƙa masa saiwa.
Na rubuta lambar a littafi,
na goge gilashin ido da gefen mayafi,
na ɗaga kwalbar ga hasken taga.
Saura kamar ɗigo arba'in.

Baba, yatsanka ne nake ƙoƙarin koya,
sai dai nawa yana zuwa a kwalba,
kuma yana tsoron zafi.