Saura Kwana Tara

Saura kwana tara.
Na rubuta da biro a bango,
ƙarƙashin kalandar bara.

Da rana ina jan Keke, Kwangila zuwa Samaru,
littafi ƙarƙashin cinya, ya sha gumi
har shafi ya manne da shafi.
Da dare ina haddar matakan al'umma
da fitilar waya, caji na haki.

Inna Dije ta leƙo: "Tanimu, wai me kake karantawa?"
Na ce, "Zaman mutane, Inna."
Ta riƙe haɓa.
"Zaman mutanen ne sai an sayi fom?
Zo ka raba Kande da mai gidan haya,
in ka iya, ni zan ba ka maki."

Tsohuwar tambaya ta ce: Bayyana ƙaura daga ƙauye zuwa birni.
Ai jiya na ɗauko ta a Ɗanmagaji,
buhun masara, akuya ɗaure, yara uku,
tana roƙon ragin naira hamsin.
Wata ta ce: Mene ne rashin aikin yi? Kawo misali.
Na ajiye biro.
Kwalin digirina na bayan madubi, shekara shida,
bai ce komai ba.

Gurbi goma sha biyu, mu kuwa mun haura dubu.
Barau ya ce sai mai uwa a gindin murhu.
Wataƙila.
Amma na goge farar riga tun yau,
na fiƙe fensir biyu,
Inna ta riƙe littafin a juye
tana sauraron haddata,
tana cewa "sake" duk inda ta ga dama.