Tafinta a Zaman Kwamiti

Ni ne tafinta. Kujerata na gefen taga,
inda iskar fanka ba ta kaiwa.
Kwamitin dokoki ya taso daga Yamai
da mota uku da akwatin takardu,
ya sauka Maraɗi ran Talata,
wai a ji bakin jama'a kafin a taɓa kundin hukunci.

Ƙarfe tara aka sa, goma da rabi aka fara.
An ƙirga kawuna, ɗaya babu,
sai da ɗan kabu-kabu ya ɗauko shi daga gaisuwar rasuwa a Bagalam.
Shugaba Ma'azu ya buga 'yar gudumarsa:
"Aya-aya za mu bi, kamar ɓarar gyaɗa.
Wanda ya tauna mai ɗaci ya ɗaga hannu."

Mai rahoto na karantawa da Faransanci,
ni ina juyewa, kamar mai awon gero
daga tiya zuwa buhu,
idona na kan abin da ke zuba ƙasa.

Aya ta arba'in da ɗaya: tsare mutum kafin shari'a.
Tsohon rubutu ya ce in wa'adi ya cika, alƙali zai iya sakinsa.
Depite Barira ta ce a goge "zai iya", a sa "dole".
Depite Nomau ya cire tabarau:
"Dole? Ɓarayin shanun dajin kan iyaka fa?
Je ki Madarunfa ki ga wa ke barci da ido biyu rufe."
Ta ce: "Na je. Kai kuma leƙa gidan kaso
ka ƙirga mutum nawa ke raba tabarma ɗaya."
Awa biyu a kan kalma biyu.
Ruwan leda ya ƙare, lemu ya yi ɗumi.

Aka ba baƙi dama, minti uku-uku.
Lauya ya cinye bakwai. Jandarma ya karanto lissafi.
Sai Cima, mai ƙuli-ƙuli a Sura Bildi,
ta ture makirfo, ta ce muryarta ta ishe ta.
"Ɗana Arzika, akuya aka ce ya ɗauka.
Akuyar ta dawo da ƙafarta, har ta haihu sau uku.
Shi bai ga alƙali ba tukuna.
Ni ban san aya ba, kwano na sani.
In kai shi cike, in karɓo shi wayam,
damina uku ke nan."

Rabinsu sun ji ta sarai,
amma takarda ba ta jin Hausa.
Na samu kalmar akuya, na samu ta kwano,
yadda ta ja "tukuna" kuwa
babu shi a abin da na haddace a lakwal.
Na dai faɗa. Maganar ta fito a goge, sanye da kwat.
Mai rahoto ya ba ta layi ɗaya da rabi.

Nomau ya daɗe yana murza bik.
Ya ce: "A sa dolen, amma a ware masu jini a hannu."
Barira ta yi tsaki, sannan ta gyaɗa kai.
Hannu shida sama, huɗu a kan tebur,
ɗan gaisuwar rasuwa yana duba wayarsa.
Guduma. Ladan ya riga ya kira azahar.

A bakin ƙofa ta kama mini hannun riga:
"Yaro, me suka yanke?"
"Sun canza kalma ɗaya, Inna."
"Ita za ta buɗe ƙofar?"
"Sai ta je Yamai, babban zaure ya tattauna,
a kaɗa ƙuri'a, a sa hannu, a buga."
Ta ce: "Ashe ita ma tsare ta za a yi kafin shari'a."

Ta gyara ɗaurin kwanon, ta aza a ka.
Ƙarfe uku suke rufe karɓar abinci,
kuma tuwon ya fara sanyi.